Yoyon baƙin mai da man giya: nawa ya kamata gyaran ya ci?

"Assalamu alaikum, Oga. Ni malamin makaranta ne a nan Gombe, ina zaune a Tumfure. Ina da Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik. Wata biyu ke nan kullum da safe sai in tarar da ɗigon mai a inda ta kwana, wata rana baƙi, wata rana kamar ja-ja. Bakaniken farko ya ce gasket ɗin murfin saman injin ne, naira 15,000 za ta isa. Na biyu ya leƙa ƙasa ya ce sai an sauke giyabos, in tanadi 170,000. Wani abokina kuma ya ce in rabu da su duka, in riƙa zuba mai mai kauri. Wa zan bi? Kuma tsakani da Allah, nawa ya kamata gyaran nan ya ci?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya biyu ka cure wuri guda: daga ina man yake fitowa, kuma nawa za a kashe a tsayar da shi. Ta biyun ba ta amsuwa sai an gama da ta farkon, kuma daga yadda ka ba da labari, cikin mutanen nan uku babu wanda ya gama da ta farkon. Ɗaya ya duba sama, ɗaya ya leƙa ƙasa, kowa ya faɗi abin da idonsa ya fara cin karo da shi. Ban ji ka ce wani ya wanke injin kafin ya yanke hukunci ba.

Kada ka yi saurin cewa mai 170,000 macuci ne, kada kuma ka ɗauka mai 15,000 shi ne mutumin kirki. Yana yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa, tunda ɗigo kala biyu kake gani, ke nan aƙalla wuri biyu ne ke yoyo. Yana kuma yiwuwa dukansu sun kauce. Na haura shekara ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin motoci a garin nan, kuma sau da yawa motar da aka kawo mini da sunan a sauke giyabos, daga ƙarshe abin da ya tsayar da yoyon bai kai girman zobe ba.

Abin da kake biya ba robar ba ce

Robar da bakanike na biyu yake nufi, wadda muke ce wa oyil sil na baya, kamar awarwaro take, tafin hannunka zai ɗauke ta. Kuɗinta bai yi wa na gasket ɗin sama nisa sosai ba. Matsalar ita ce inda take zaune, a daidai mahaɗar injin da giyabos. Kafin hannu ya kai gare ta sai an cire batir da akwatin iska, an cire kik, an zare shaf biyu na tayoyin gaba, an juye man giya, an tallafe injin, an kwance kujerun da ke riƙe da shi, an sauke giyabos ƙasa, sannan a kwance farantin da ke bayan injin. Aikin mutum biyu ne ko uku, na yini guda, wani lokaci a kwana. Gasket ɗin sama kuwa, ka buɗe bonet yana kallonka: a cire koyil huɗu, a kwance notina, a goge, a sa sabo. Awa ɗaya ta isa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 15,000 da 170,000 kuɗin hanya ne. Hanyar da za a bi a kai ga robar kake biya, da man da za a zubar a kan hanyar, da abin da za a taɓa ana wucewa.

Shi ya sa nake cewa kuskure mafi tsada a wannan harka shi ne a yi dogon aiki kan zato. Mai ba ya hawa sama. Ƙasa yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya idan mota tana gudu. Duk abin da ya zubo daga saman injin, a ƙarshe can ƙasa zai taru, a mahaɗar nan ta injin da giyabos, ya riƙa ɗiga daga nan. Wanda ya leƙa ƙasa da tocilan ya ga wurin jiƙe sharkaf zai rantse oyil sil na baya ne, alhali man baƙo ne a wurin.

Kwali, wanki da hoda

Ga abin da za ka yi da kanka, ba ka biya kowa sisi ba. Nemi kwali mai faɗi, irin na firij ko talabijin, ka shimfiɗa ƙarƙashin gaban motar da dare bayan ka dawo tana da zafi. Ka yi wa kwalin alama da biro, nan gaba, nan gefen direba. A Corolla irin taka injin yana gefen fasinja, giyabos yana gefen direba. Ɗigon da ya sauka gefen fasinja galibi na injin ne, na gefen direba na giya ne, na tsakiya kuma shi ne mai rikitarwa. Wanda ya sauka can gaba kusa da lagireto, in ja ne, to ka fara zargin tiyon man giya.

Da safe ka zaro sandar gejin baƙin mai ka ɗiga a gefen kwalin, ka zaro ta man giya ita ma ka ɗiga, ka kwatanta da abin da ya zubo da dare. Na fi yarda da wannan fiye da kallon kala kawai, domin man giyan da ya tsufa yana rikiɗa ya koma ruwan ƙasa har ya yi kama da baƙin mai. Ka shafa a yatsa ka sansana. Man giya ya fi tsinkewa kuma warinsa daban ne. Akwai kuma mai na uku da ake mantawa da shi. Idan motarka mai famfon sitiyari ce, jan mai irin na giya take sha a wannan famfo, kuma famfon yana bayan injin ta gefen fasinja. Na sha ganin an tayar da hankalin mutum cewa giyarsa na zuba, ashe tiyon sitiyari ne ya tsage. Ka duba ɗan tulun man sitiyarin, in ya yi ƙasa ka sami bakin zaren. Farin ruwa mara wari kuwa na na'urar sanyaya mota ne, ka rabu da shi.

Sai wanki. A wanke injin da ƙasansa tas da kananzir da buroshi, a ɗauraye, amma a kiyayi watsa ruwa mai ƙarfi kan altaneta da koyil da soket-soket na waya. Idan ya bushe, a barbaɗa farar hoda, ko ta jarirai ce, a wuraren da ake zargi. Ka tuƙa motar daga Tumfure zuwa cikin gari ka dawo, sannan a hau da ita kan rami a duba. Sabon mai zai zana layi a kan hodar kamar sawun tururuwa a rairayi. A bi layin nan zuwa sama, wuri mafi tsawo kuma mafi gaba da ya jiƙe shi ne mai laifi. Ka shiga ramin da kanka, ko ka tsuguna a nuna maka da yatsa. Gani ya kori ji.

Ƙurar garin nan ma tana taimakawa wajen karatun. Inda ka ga baƙin dattin da ya daskare ya bushe kamar ƙanzo, wannan tsohon gumi ne, injin mai shekara ashirin ba ya rasa shi, kuma ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗi a kai. Inda yake sheƙi yana danshi, nan ne yoyo mai rai.

Inda baƙin mai ya saba fitowa

Na fara da masu araha, domin su ne aka fi tsallakewa. Notin juye na ƙasan injin yana da 'yar wosha da ya kamata a riƙa sauyawa, amma a wurare da yawa ana maimaita ta har ta lalace, yaro kuma ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya don ya toshe ɗigon, har zaren ya cinye. Filta ma haka: ko ba ta ɗauru ba, ko jabu ce, ko kuma robar tsohuwar filtar ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta. Idan yoyonka ya fara ne kwana kaɗan bayan juye, nan za ka fara dubawa. Kusa da filta akwai oyil suwic, wanda ke kunna fitilar mai a gaban direba. In ya tsufa yana tsattsafo da mai ta cikin soket ɗinsa. Duk waɗannan aikin minti ashirin ne zuwa talatin.

Akwai wuri ɗaya da injin Corolla ɗinka, wato 1ZZ, ya yi suna da shi. A bayan injin ta gefen fasinja akwai ɗan ƙarfen da ke ɗame sarƙar taimin, noti biyu ne ke riƙe da shi, yana da ƙaramar roba zagayayyiya. Robar nan in ta bushe, mai yana bin bayan injin yana gangarowa har ya jiƙe ƙasa gaba ɗaya. Ba a ganinsa daga sama sai an zura hannu ko madubi. Duk Corolla ta wannan zamani da ta shigo garejina da yoyo, nan nake fara laluba kafin in saurari kowane labari. Gyaransa ba ya buƙatar sauke komai, sai dai a sami wanda ya san yadda ake mayar da ɗan ƙarfen ya saki daidai, domin in bai saki ba sarƙa za ta yi sako-sako.

Gasket ɗin murfin sama da bakaniken farko ya faɗa, shi ma gaskiya ne yana yawan yoyo. Zafin Maris da Afrilu a nan, ga go-sulo, ga zafin injin, roba tana ƙeƙashewa ta koma kamar busasshen ƙirgi. Alamarsa: jiƙa a gefen murfin, warin ƙonannen mai idan ya ɗiga kan salansa, wani lokaci kuma a zaro koyil a tarar da mai a ramin fulogi, motar ta riƙa gargada. Notinan murfin nan ɗauri kaɗan suke so. Mai ɗaure su kamar yana ɗaure taya zai murƙushe sabon gasket ɗin ko ya karya kusar.

Daga nan kuɗi ya fara hawa. Oyil sil na gaba, bayan fuli, sai an cire taya da fanbel da fulin kansa. Kaskon mai na ƙasan injin, a motarka ba gasket gare shi ba, gam ake sa masa tun daga kamfani. Sai an juye mai, an ɓamɓare kaskon, an kankare tsohon gam, an sa sabo, an bar shi ya kama na aƙalla awa biyu kafin a zuba mai. Masu gaggawa suna zuba mai nan take, bayan sati yoyo ya dawo. Wannan kasko kuma shi ne ke shan duka a layukan unguwa da ruwa ya zaizaye da kan tudun rage gudu, don haka a duba ko ya lotse. Murfin gaban injin da ke rufe sarƙa shi ma gam ne, kuma aikinsa ya fi na kasko tsawo nesa ba kusa ba. Can ƙarshe sai oyil sil na baya.

Kafin a sauya kowace roba, a duba abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. A jikin murfin sama akwai ɗan bawul da ake kira PCV, hanyar numfashin injin ke nan. In ya toshe da datti, iska tana taruwa a cikin injin ta rasa mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowace roba mai rauni. Ka sauya wannan, waccan ta ɓalle. A cire shi a girgiza, mai lafiya yana ƙara kamar ƙwaya a cikin gwangwani. In ya yi shiru a wanke ko a sauya. Injin da ringinsa ya gaji ma yana tara irin wannan iska, kuma shi sabuwar roba ba ta daɗe masa. Za ka gane shi da shuɗin hayaƙi a salansa da raguwar mai fiye da abin da kake gani a kwali.

Man giya ba ya jira

A nan ne nake so ka fi mayar da hankali. Baƙin mai in yana ɗiga kaɗan-kaɗan, kana iya lallaɓawa da ciko har ka sami kuɗi, muddin kana duba geji. Giyar otomatik ba haka take ba. A cikinta mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke matse faifan kuloci su kama, shi ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya, shi ne kuma ke sanyaya ta. Da ya ragu, famfo zai fara zuƙar iska, matsi ya faɗi, faifan su riƙa zamewa suna ƙonewa. Ga shi babu fitilar da za ta ce maka man giya ya yi ƙasa. Sai dai ka ji da safe ka sa D ta yi jinkiri kafin ta kama, ko injin ya yi kuka tsakanin giya da giya ba tare da gudu ya ƙaru ba, ko ta saki a kan hawa. In ka fara jin haka, ɓarna ta riga ta soma.

Yadda ake duba shi ma da bambanci. A Toyota irin taka, motar ta yi zafi, ta tsaya a wuri mai daidai, injin yana aiki, ka zagaya da giya ta kowane matsayi ka dawo P, sannan ka zaro sanda. A Honda kuwa kashe injin ake yi a duba nan take. Wasu sababbin motoci ma babu sandar sam, sai a gareji.

Wuraren yoyonsa kaɗan ne. Tiyo biyu da ke kai mai lagireto ya huce ya dawo: roba ce, tana tsagewa, kilif yana saki. Wannan shi ne mafi araha kuma mafi haɗari, domin mai a cikinsa da matsi yake tafiya. In ya fashe a hanyar Alkaleri, cikin 'yan mintina giyabos ya zama fanko. Sai gasket ɗin kaskon giya. Sai oyil sil na inda shaf ke shiga giyabos, hagu da dama, wanda sau da yawa yake fara yoyo bayan an sauya shaf aka ƙwarzane robar wajen turawa. Ka tuna ko an taɓa maka shaf kwanan nan. Na ƙarshe shi ne oyil sil na kwanbata, wato tulun ƙarfen da ke miƙa ƙarfin injin ga giya, wanda yake ɗaki ɗaya da oyil sil na bayan injin. Idan bayan wanki aka ga jan mai yana fitowa daga cikin mahaɗar nan, sama kuma a bushe, to bakanike na biyu ya yi gaskiya, babu makawa sai an sauke.

In har ta kai ga haka, ka sa a sauya robobin biyu a lokaci guda, na injin da na kwanbata, har da na shaf, ko da ɗaya ne kawai ke yoyo. Kuɗin hanya sau ɗaya ake biya. Kuma a nan ne ba na yarda da roba mai araha ko kaɗan: ka rage dubu biyu a kaya, ka sake biyan aikin yini guda bayan wata uku. Ka tabbata wanda zai yi aikin ya saba da otomatik, domin in kwanbata ba ta zauna har ƙarshe ba aka ja giyabos da noti aka haɗe, famfon giyar ne zai fashe, a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

Ka buɗe murfin lagireto da safe motar tana sanyi ka leƙa. In ruwan ya koma kamar kunun gyaɗa, ko man giya ya yi kalar madara mai ja-ja, to bututun da ke cikin lagireton ya huje, ruwa da mai sun haɗu. Wannan ba a tuƙa shi ko zuwa bakin titi. Kuma motar otomatik mai jan gaba ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa tayoyin gaba suna ƙasa, domin famfon mai ba ya juyawa sai injin yana aiki.

Lissafin kuɗin

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Roba da gasket da mai duk kayan waje ne ko kuma da kayan waje ake haɗa su, don haka farashin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin ka karɓi albashi biyu. Abin da nake yi wa masu zuwa wurina shi ne in auna musu da galan ɗin baƙin mai mai kyau na lita huɗu, tunda shi kowa ya san kuɗinsa a ranar, kuma tare suke hawa da sauran kaya.

A garejina, wosha da filta da oyil suwic da tiyon giya da 'yar robar ƙarfen sarƙa, kowanne da kuɗin hannunsa, ba ya kai kuɗin galan ɗaya. Gasket ɗin sama mai kyau yana kaiwa wajen galan, don haka 15,000 ɗin da aka ce maka ba ta fita hankali ba, sai dai ka tambayi wane irin gasket za a sa. Oyil sil na gaba, na shaf, kaskon injin ko na giya suna kaiwa galan ɗaya zuwa uku, kuma yawancin kuɗin na man da za a sake zubawa ne. Sauke giyabos kuwa galan da yawa ne. Giyabos ɗan Beljiyam, in aka bari wannan ya ƙone, ya ninka kuɗin saukewar sau da dama, ga shi ba ka san tarihin wanda za a ɗaura maka ba.

Kada ka karɓi farashi dunƙule. Ka ce a rarraba maka: nawa ne kaya, nawa ne kuɗin hannu, nawa ne mai kuma lita nawa. Injin ɗinka kusan lita huɗu yake sha. Giya in aka juye ta ta ƙasa lita uku zuwa huɗu ke fita, sauran yana cikin kwanbata. In an sauke ta za a buƙaci fiye da haka. Man giyar Corolla ta shekarar motarka shi ne T-IV, galibi ma a rubuce yake a jikin sandar gejin, ka karanta da idonka. Toyota na baya-baya suna shan WS, Honda tana da nata DW-1, masu giyar CVT kuma nasu daban ne gaba ɗaya. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, har da wanda ake ɗurawa a tsohuwar robar kamfani. Ka sayi man da kanka a wurin da ka amince da shi, a buɗe a gabanka. Idan mai 170,000 ya rarraba maka ka ga robobi huɗu masu kyau a ciki, da man giya na gaske, da aikin yini, to bai zalunce ka ba. Idan ya ce kai dai ka kawo kuɗi, ka nemi wani. Wani lokaci robar kirki ba ta samuwa a nan sai an aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Gara ka jira kwana uku.

Shawarar abokinka

Mai mai kauri yana rage ɗigo kaɗan, wannan gaskiya ne, amma bai gyara komai ba. An ƙera injin ɗinka don baƙin mai mai lamba 5W-30, yana da ƙananan hanyoyin mai da ke sarrafa taimin, kuma da sanyin safiya na hunturu mai kauri yana jinkirin isa sama. Ruwan kwalba da ake cewa yana tsayar da yoyo kuwa kumbura roba yake yi. Yana iya taimaka wa robar da ta ɗan bushe na ɗan lokaci, ba ya ɗinke wadda ta tsage, kuma ni ba na zuba shi a giyar otomatik. Cika mai ya wuce alama don a sami na zubarwa shi ma ƙara yoyon yake yi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne gam. An taɓa kawo mini wata Camry daga wajen Kumo, fitilar mai tana ƙyaftawa, injin yana ƙwanƙwasa. Mai motar ya ce sati uku da suka wuce aka gyara masa yoyon kasko, kuma tun daga ranar ko ɗigo bai sake gani ba. Da muka sauke kaskon, sai ga jan gam an lafta kamar ana shafa wa biredi bota. Rabinsa ya matso ciki, ya gutsuttsure, ya je ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Na ciro shi da yatsa zare-zare kamar taliya. Yoyo ya tsaya, injin ya tafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gam siririn layi ake ja, kuma inda kamfani ya sa gasket na roba ba a shafe shi da gam sai ɗan ɗigo a kusurwa.

Akwai dai inda nake yarda da rabin maganar abokin naka, wato a bar yoyon a riƙa ciko. Idan bincike ya nuna oyil sil na bayan injin ne kawai ke gumi, baƙin mai ne ba ja ba, kuma daga juye zuwa juye abin da ke raguwa bai wuce rabin lita ba, ban ga dalilin da malamin makaranta zai ci bashi ya sauke giyabos ba. Ka ajiye lita ɗaya a but, ka duba geji duk ranar Juma'a da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ka jira ranar da wani dalili zai sa a sauke. Amma ka san lissafin ɗigo: wajen ɗigo ashirin ne mililita ɗaya, don haka ɗigo ɗaya a kowane minti ya kai lita cikin sati biyu. Kuma a kan hanya, mai ya yi zafi ya tsinke, zubar ta fi ta tsakar gida. Idan fitilar mai ta kama kana tafiya, ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsi ya riga ya faɗi. Ka gangara gefe ka kashe nan take. Man da ke ɗiga kan salansa ko kan fanbel shi ma ba a jira da shi, na farkon gobara ce, na biyun yana cinye bel.

Ban ga motarka ba, kuma yoyo ba a gane shi ta waya, don haka abin da zan faɗa zato ne irin na wanda ya ga ire-irenta da yawa. Baƙin ɗigon, na fi zargin gasket ɗin sama ko robar ƙarfen sarƙa. Jan kuma, tiyon lagireto ko robar shaf ko tiyon sitiyari. Da ni ne kai, gobe da safe zan duba man giya kafin in fita, in ya yi ƙasa in cika da T-IV. Ranar Asabar in kai ta wanki, in sa hoda, in gyara duk abin da aka gani a sama da gefe, in sake wankewa, in shimfiɗa sabon kwali na sati guda. In mahaɗar injin da giya ta sake jiƙewa bayan haka, sai ka koma wurin bakanike na biyu da takarda da biro. Ka turo mini hoton kwalin farko, da alamar gaba da gefen direba a jiki.